Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Ministan Sufuri: Lasin Direba Shi Ne Jinginarsa

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni direban tirela ne. Da yaron mota na fara, ina tokare taya da dutse a gangare, ina kwana a ƙarƙashin bodi. Yau shekarata 18 a kan sitiyari, ban taɓa kayar da lodi ba, amma har gobe motar wani nake ja.

Bara na ɗauki abin da na tara na kafin alƙalami, na je banki neman rancen sayen kan tirela. Ma'aikacin ya karɓi lasina, ya duba gaba ya duba baya, ya ajiye a tebur. Ya ce, "Malam, ba raini ba, amma me zai nuna mini ba saye ka yi ba?" Na rasa bakin magana, don na san waɗanda suka saya ɗin. Wake ɗaya ke ɓata gari. Sai ya nemi takardar gida ko ta fili. Wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a kan hanya, ina ya ga fili?

Ban ga laifinsa ba, yallaɓai. Mai ba da rance ya san motar ce za ta biya bashin kanta, kuma sai tana tafiya take biya. Ranar da ta kife, kuɗinsa ya kife. Kamfanin inshora ma lissafin da yake yi ke nan kafin ya yanka farashi. Su biyun so suke su san wanda zai riƙe sitiyarin, shin ya iya sauka gangare da giya, ko taka birki zai yi ta yi har ya ƙone. Lasin ne ya kamata ya ba su amsa.

Amurka ta taɓa shiga irin wannan hali. A da, direba ɗaya kan riƙe lasin jihohi da dama, in an ƙwace wannan ya zaro wancan. Dokar 1986 ta ce direba ɗaya lasin ɗaya, kuma daga Afrilun 1992 ba mai jan babbar mota sai da lasin kasuwanci da suke kira CDL. A Fabrairun 2022 suka ƙara sharaɗin horo a wurin da hukuma ta yi wa rajista kafin a zauna jarrabawa. Abin da ya fi burge ni shi ne, in direba ya yarda, kamfanin da zai ɗauke shi aiki na iya ganin tarihin haɗurransa na shekara 5 da na binciken kan hanya na shekara 3. Masu ba da rance da yawa a can kan tambayi shekarun da mutum ya yi da CDL kafin su yi maganar ruwan bashi. A Tarayyar Turai kuwa, direba na komawa aji na awa 35 duk shekara 5.

Roƙona, ranka ya daɗe, a yi gwajin lasin manyan motoci da babbar mota ta gaske, mai lodi, a sa mutum ya yi ribas da ita a gaban mai gwaji. A kuma buɗe wa kowane lasin kundi, inda za a riƙa shigar da shekarun direba da laifuffukansa da haɗurransa, banki da inshora su iya dubawa da izininsa. In kuma za a sa sharaɗin horo, kada kuɗinsa ya fi ƙarfin yaron mota, in ba haka ba 'ya'yan masu motoci kaɗai za su samu.

In an buɗe kundin, a fara da nawa. Kuɗin kafin alƙalamin na nan ban taɓa ba, kuma ina so in koma gaban wancan teburin.

Naka cikin girmamawa,
Wani direban tirela