Injin Wanki Mai Burushi Yana Cin Fentin A-kori-kura, Ku Gyara Maganar Baƙonku

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina roƙon ka ba ni fili in mayar da martani a kan amsar da baƙon shirinku na harkar motoci ya bayar ranar Asabar da ta wuce, lokacin da wani mai sauraro ya tambaye shi ko injin wankin mota mai burushi yana ɓata fenti. Ya ce babu komai, wai an yi burushin da abu mai laushi, kuma kowace irin mota tana iya shiga, daga ƙaramar mota har a-kori-kura. Mai gabatar da shirin bai ja da shi ba, sai ma ya ƙara da cewa irin wannan ci gaban ne ya kamata mu runguma. Wannan amsa ba daidai ba ce, kuma raina ya ɓaci da jin ta daga tashar da jama'a suke ɗaukar maganarta da muhimmanci.

Ni mai Hilux ne, kuma da ita nake neman abinci. Ina kai taki da irin shuka ƙauyukan da ke kewayen Saminaka, in ɗauko masara in fito da ita, saboda haka motata ta fi sanin jar ƙasa fiye da kwalta. Launinta shuɗi ne mai duhu, fentin kamfani, ba a taɓa sake mata ko ƙofa ɗaya ba, kuma duk wanda ya san cinikin mota ya san darajar wannan. A hunturun bara wata hidima ta kai ni Abuja, na tsaya shan mai a wani gidan mai da ya kafa irin wannan inji, yaran wurin suka yi ta yaba shi, suka ce minti kaɗan ne an gama. A gabana akwai wata babbar mota da ta fito daga wurin gini, taɓo ya bushe mata har saman tayoyi. Ina kallo ta shiga, burusan suka share ta, ta fita, aka yafito ni. Babu wanda ya ɗauki tiyo ya fara zubar da ƙurar da ke jikin motata, babu wanda ya ɗauraye burusan, babu wanda ya leƙa bayan motar ya ga abin da ke ciki.

Abin da ya faru a ciki ba na mantawa. Burushin sama ya bi kan bonet, ya hau gilashi, ya bi rufin, da ya zo ƙarshen rufin sai ya faɗa cikin bodin baya, domin injin bai san cewa a-kori-kura ba ta da rufi har ƙarshe ba. A cikin bodin akwai ɓurɓushin tsakuwa da ƙwayoyin masara da ragowar taki a lungunan da tsintsiya ba ta kaiwa, sai burushin ya kwaso su yana watsa su a gilashin baya, ina jin ƙararsu ƙas-ƙas a bayan kaina. Eriyar rediyo ta lanƙwashe. Da na fito motar tana ƙyalli saboda jiƙa, kowa yana cewa ta yi kyau. Washegari da hantsi, rana ta haska gefenta, sai ga zane-zane sirara birjik a ƙofofi huɗu da gefen bodi, duk sun bi hanya ɗaya, wasu kuma sun yi da'ira a kan bonet, ta yadda idan mutum ya matsa gefe sai ya ga hasken rana yana yawo a cikinsu. Na shafa da yatsa, ban ji kaushi ba, amma ido yana gani daga nesa.

Na kai ta wurin wani dattijon mai fenti a Kaduna wanda ya daɗe a sana'ar. Bai tambaye ni komai ba, ya zagaya motar, ya duƙa ya kalli ƙofa ta gefen rana, ya ɗago ya ce, “Alhaji, injin nan ka shiga ko?” Sannan ya ce burushin da ya sha yashi samfefa ne, ko da auduga aka yi shi.

A nan ne baƙonku ya kauce hanya, domin ya tsaya a kan laushin burushi, alhali ɓarnar tana zuwa ne daga abin da burushin ya ɗauko. Fentin motar zamani hawa-hawa ne: akwai shafen farko da ke kare ƙarfe daga tsatsa, akwai launi, sannan a sama akwai wani shafe garai-garai wanda shi ne yake ba mota sheƙi kuma yake kare launin daga rana. Wannan shafe na sama kaurinsa bai wuce kashi ɗaya cikin ashirin na milimita ba, a wasu motocin ma bai kai haka ba. Yashi kuwa, a ma'aunin taurin duwatsu da ke tashi daga 1 zuwa 10, yana kan 7, ya fi gilashin mota tauri, ya fi ƙarfen wuƙa ta yau da kullum, balle fenti. Ƙwayar yashi ɗaya da ta maƙale a zaren burushi mai juyawa da ƙarfin lantarki ta isa ta ja layi daga fitila zuwa fitila. To ina ga burushin da ya wuni yana share motoci a ƙasar da ƙura take sauka a kan komai tun daga Nuwamba har Maris, ƙurar da iska take kwasowa daga hamada, musamman kwarin Bodele da ke arewacin Chadi? Waɗanda suka ƙera waɗannan injuna sun ƙera su ne da tunanin motar da ke yawo a kan kwalta, wadda aka fara fesa wa ruwa mai ƙarfi da kumfa kafin burushi ya taɓa ta, kuma da tunanin cewa mai injin zai riƙa wanke burusan yana tace ruwan da injin yake sake amfani da shi. Idan mai wuri yana tsimin ruwa saboda rijiyar burtsatsensa ta ja baya da rani, yana tsimin man janareta, wanne daga cikin waɗannan sharuɗɗa zai cika?

Kuma ba ni kaɗai nake faɗin haka ba. Littafin da kamfanin Toyota yake haɗowa da motar, wanda yawancinmu muke jefawa a aljihun gaban mota mu manta da shi, ya faɗa ƙarara cewa burushin injin wanki yana iya karce jikin mota ya cutar da fenti, ya kuma ce a naɗe madubai a cire eriya kafin a shiga. Wanda ya ƙera motar ya yi gargaɗi, amma wanda kuka gabatar mana a matsayin masani ya ce babu komai. Da mai gabatar da shirin ya buɗe wannan littafi kafin ya shiga ɗakin watsa shiri, da ya sami tambayar da zai yi masa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda ya haɗa a-kori-kura da ƙaramar mota a magana ɗaya, kamar duk jirgi ɗaya ya kwaso su. A-kori-kura motar aiki ce. Ita ce take shiga gona, ita ce take bin hanyar da ba ta ga kwalta ba, saboda haka ita ce take zuwa wurin wanki da yashi mafi yawa a jikinta, a ƙarƙashin kwarin taya da bakin ƙofofi da cikin bodi. Tana da tsayi, tana da faɗi, madubanta manya ne, da yawa daga cikin irin waɗannan motoci an ɗaura musu ƙarfen gaba ko ƙarfen da ke bayan kan mota ko matakalar gefe, kuma duk waɗannan wurare ne da zaren burushi yake sarƙewa ya fizga. A ƙasashen da injin ya samo asali, wurare da yawa ba sa barin a-kori-kura ta shiga sai an share bodinta tas, wasu kuma suna ɗage burushin sama idan ta zo. A wurin da na shiga babu wanda ya san da wannan, kuma baƙonku ma bai ambata ba.

Na san za a ce ai ga masu farar Hilux nan suna shiga kullum ba su koka ba. Fari yana ɓoye zane, shi ke nan. Zanen yana nan, ido ne ba ya kama shi sai an kawo fitila kusa, kuma bayan an daɗe ana maimaitawa farin ma yakan dushe ya rasa sheƙinsa. Na kuma san akwai injuna masu burushin soso da ba ya riƙe yashi kamar na zaren roba, akwai kuma waɗanda ba sa taɓa mota sam, sai ruwa mai ƙarfi da sabulu mai kaifi, wanda shi ma yana cinye man da ake shafa wa fenti don kariya. Da baƙonku ya bambance waɗannan, ya ce wa mai tambaya ya duba irin injin, ya tabbatar an fara zubar da ƙura da ruwa, ya guji bin bayan mota mai taɓo, da ban ɗauki alƙalami ba.

Kada kuma a ɗauka ina wanke masu wankin hannu ne. Yaron da zai wanke mota da bokiti ɗaya da garin sabulun wankin kaya, tsummansa ya faɗi ƙasa ya ɗauka ya ci gaba da gugar bonet, shi ma yana zana fenti, haka direban da yake share ƙurar safiya da busasshen tsumma. Amma yaro ina tsaye a kansa, ina iya cewa ya fara kwarara ruwa daga sama zuwa ƙasa, ya ware bokitin ɗauraya dabam, ya ware soson taya dabam, ya bar ƙasan ƙofofi sai ƙarshe, kuma yana ji. Inji kuwa da zarar an danna shi, sai ya gama.

Gyaran ma ba kyauta ba ne, kuma ba a mayar da abin da ya tafi. Dattijon nan ya goge mini motar da injin foli, zanen da yawa ya ɓace, amma ya gaya mini gaskiya cewa gogewar ba cike zanen take yi ba, rage kaurin shafen sama take yi har ya yi daidai da zurfin zanen, kuma ba aikin da za a yi ta maimaitawa ba ne, domin ranar da shafen ya ƙare sai rana ta fara cin launin, rufi da bonet su yi fari-fari suna ɓarewa. Daga nan sai sabon fenti, kuma motar da aka sake wa fenti, ko ba ta taɓa gogar ko keke ba, dillali zai ƙwanƙwasa ƙofarta ya ce ta yi hatsari, ya zaftare kuɗinta. Da na koma gidan man na nemi manaja, sai ya nuna mini wani ɗan allo a bango, da Turanci, da ƙananan haruffa, a inda direba ba zai gani ba sai ya fito, wai ba su da alhakin duk abin da ya sami mota. Ko haƙuri bai ba ni ba.

Na yi ta buga waya ranar Asabar ɗin domin in faɗi wannan a cikin shirin, layi bai shiga ba. Wannan ma abin dubawa ne, Malam Edita, domin kuna cinye rabin lokacin shirin da tallar masu maganin gargajiya da gaishe-gaishe, sai saura 'yan mintoci ku ce an buɗe layi, waɗanda suke samun shiga kuma kusan kullum muryoyi ɗaya ne.

Buƙatata ita ce ku dawo da wannan batu a shiri mai zuwa, ku gayyato mai fentin mota na gaske, irin waɗanda suke Panteka a nan Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, wanda hannunsa ya saba da fenti, ku zaunar da shi tare da baƙon naku, ku kuma tambayi baƙon ko yana da hannu a harkar sayar da waɗannan injuna, domin yadda ya yi ta yabonsu ya sa ni shakka. Sannan mai gabatarwa ya faɗa da bakinsa cewa amsar da aka bai wa wancan mai tambaya ba ta cika ba, tun kafin mutumin ya kai motarsa.

Wassalam.

Naka mai sauraro a kullum,
daga Kaduna.