Takardar Koke Ga Mai Girma Hakimi Kan Wutar Lantarki Da Dattin Da Ambaliya Ta Bar Mana

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Lawan da Bulamomin unguwa,
Maiduguri, Jihar Borno.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, muna roƙon Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ja zamanin Mai Martaba Shehu, ya jiƙan waɗanda muka rasa a wannan ruwa. Mu talakawanka ne, mazauna unguwar da ke bakin kogin Ngadda: limamai, dattawa, mata, matasa, da masu sana'ar gyaran wuta, gini da haƙar rijiya. Mun san ruwan da ya ɓalle daga madatsar Alau a daren 10 ga Satumba 2024 bai bar kowa ba. Ya shiga fada, ya shiga Kasuwar Monday, ya shiga Asibitin Koyarwa, ya cinye Gwange, Fori da Bulabulin. Dattawanmu da suka ga na 1994 sun ce wannan ya fi. Saboda haka muka yi ta haƙuri, muna cewa nauyin ya yi wa hukuma yawa. Abin da ya faru daren Talatar da ta wuce ne ya sa shirun ya gagara.

Bayan sallar isha'i, ba sanarwa, ba mai shela, aka sako wuta a layinmu. Cikin ɗan lokaci ƙwayayen fitila suka riƙa fashewa gida-gida, firji da fanka suka kama hayaƙi. A kwanar masallaci akwai wayar da ta tsinke tun ranar ambaliya, tana kwance a cikin ruwan da ya taru. Wani ɗan ga-ruwa ya turo kurarsa cikin duhu ya taka gefen ruwan, wuta ta maka shi da ƙasa. Allah ya sa wani magidanci ya hana yara rugawa su kama shi, ya sa busasshiyar gora ya janye shi. Yana nan kwance da ƙuna a hannu da tafin ƙafa. Ranka ya daɗe, wannan kwana ita ce hanyar da 'yan makarantar allo suke bi da asuba, ƙafa ba takalmi.

Mun kai maganar wayar nan wurin masu kula da wuta ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Mun je da baki, mun rubuta, mun buga waya, Bulama ya raka mu. Yau a ce injiniya ya fita, gobe a ce ba mota, jibi a ce mu yi karo-karo. Mun yi karo-karon. Har yau ba wanda ya zo da tsani.

Ba mu ce kada a ba mu wuta ba. Mu da muka yi zaman duhu wata da watanni bayan an tarwatsa turakun layin Damaturu a 2021, mun fi kowa sanin darajarta. Koken shi ne an sako ta a kan layin da ba a duba ba, kuma masu gyaran wuta na cikinmu sun san abin da ya jawo ɓarnar. Taransifomarmu tana sauke wuta daga bolt 11,000 zuwa 415, kowane gida yana samun kimanin 240 tsakanin waya ɗaya mai wuta da wayar nutural, wadda wutar take komawa ta cikinta. Idan nutural ta tsinke ko ta saki a maɗaurinta, kamar yadda ta yi sa'ad da turaku suka karkace, wutar wasu gidaje takan haura ta doshi 400, ta wasu kuma ta faɗi warwas. Shi ya sa wannan gida kayansa suka ƙone, maƙwabcinsa kuwa fitila ko ja ba ta yi ba.

Ita kanta taransifomar ta kwana a cikin ruwa. Man da ke cikinta shi ne yake sanyaya ta, shi ne kuma yake raba wayoyin ciki da juna; da zarar ruwa ya gauraya da shi, ƙarfinsa ya tafi. Ƙa'ida ita ce a ɗebi man a gwada, idan bai jure bolt 30,000 a na'urar gwaji ba a tace shi ko a canja. A auna wayoyin ciki da mega, wato na'urar gwada ko wuta tana yoyo, a busar da su, a canja tsakuwar da ke tsotse danshi a bututun numfashinta, wadda ta riga ta juye daga shuɗi zuwa ruwan hoda, duk mai wucewa yana gani. Akwatin fis ɗin da ke ƙasa har yanzu da busasshiyar laka a ciki, kuma a maimakon fis an ɗaura wayar tagulla mai kauri. Fis yakan tsinke ne don ya ceci layi idan waya ta taɓa ƙasa. Tagulla mai kauri ba ta tsinkewa, shi ya sa wayar kwanar masallaci ta ci gaba da zuba wuta a cikin ruwa.

Muna roƙo, ranka ya daɗe, ka sa baki a yanke layin nan daga taransifoma, kada a sake haɗa shi sai an bi shi turke bayan turke. Turken siminti ana binne kusan kashi ɗaya cikin shida na tsawonsa, wato wajen mita ɗaya da rabi a turken unguwa. Ruwa ya zaizaye gindin da yawansu, wayoyin da ke tallafe da su sun saki. A miƙe su, a dandaƙe gindin da tsakuwa da siminti, a ja wayoyin da suka yi lilo, a duba ƙarfen da aka kafa a ƙasa don ya kai wutar da ta kauce cikin ƙasa. Sannan a ba da sanarwa a masallatai kwana biyu kafin a sako wuta, domin kowane gida ya sauke babban makunninsa. Duk gidan da ruwa ya haura soket ko mita, sai mai gyara ya buɗe ya wanke lakar, ya canja abin da ya yi tsatsa. Soket yakan bushe a waje, cikinsa da danshi.

Rashin wutar ya tura mutane ga janareto, nan ma akwai abin tsoro. Saboda katangu sun zube ana tsoron ɓarayi, sai a shigar da shi zaure ko a ajiye bakin tagar ɗakin kwana. Gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da launi, ba ta da wari. Ciwon kai ne da jiri, sai barcin da ba a tashi. Wajibi ne ya zauna a fili, kamar mita 6 daga ƙofa da taga, bututun hayaƙin yana kallon waje. Wasu kuma suna soka shi kai tsaye a soket ba tare da canja-layi ba, wato makunnin da ke raba gida da layin titi, wutarsa ta koma kan wayar titi, ta iya kashe ma'aikacin da ya hau turke yana zaton layin a mace yake. Masu sola su sani faifan yana ba da wuta muddin akwai rana ko da an kashe inbata, kuma batir da inbatar da suka sha ruwa ba a kunna su don gwaji. Idan wannan gargaɗi ya fito daga bakinka ta hannun limamai, za a ji shi fiye da yadda ake jin namu.

Ranka ya daɗe, maganar wuta maganar ruwan sha ce. Rijiyoyin burtsatsenmu da wuta suke aiki. Da suka tsaya, mai hali ya sayi jarka da tsada, marar hali ya koma rijiyar gida, wadda ruwan masai da na kwata suka malala cikinta. Gwamnatin jiha da kanta ta sanar da ɓarkewar kwalara a farkon Oktoba. An zo an barbaɗa farin magani a bakin wasu rijiyoyi, an ɗauki hoto, an tafi. Ba haka ake wanke rijiya ba. Sai an zuƙe ruwan da injin, an kwashe laka da tarkace, an goge bango, an toshe tsagar da ke bakin rijiyar da siminti. Idan ta sake kawo ruwa sai a zuba kulorin gwargwadon yawansa: rijiya mai faɗin mita 1 da zurfin ruwa mita 3 tana ɗauke da kusan lita 2,400, tana buƙatar wajen giram 180 na garin kulorin mai ƙarfin kashi 65 zuwa 70, a dama shi a bokiti tukuna. A rufe ta ta kwana, washegari a zuƙe har warin ya tafi. Kulorin ba ya cin ruwa mai laka, lakar ce take cinye shi, don haka barbaɗawar nan asarar magani ce kawai. Kuma duk rijiyar da ba ta kai mita 30 daga masai ba, tana iya sake gurɓacewa ko an wanke ta.

Muna roƙon injin zuƙar ruwa ko guda biyu ne, da mansu, da garin kulorin, da safar hannu da takalman roba. Matasanmu za su yi aikin, ba sai an biya su ba. Sun san awon garin kulorin a ruwa: cokalin cin abinci biyu a lita 10 don wanke daɓe, bango da bayan gida, rabin cokali a lita 10 don wanke hannu, cokali biyu a lita 1 don wurin da marar lafiya ya yi amai ko gudawa. Sun san ba a haɗa shi da wani maganin wanki. A kawo kuma ruwan gishiri da sukari na fakiti a ajiye wurin Bulamomi, domin mai gudawa da tsakar dare ba ya jiran gari ya waye.

Sai magudanai. Matasa sun kwashe su da shebur da baro, sun tara lakar a gefen titi ana jiran tifa. Tifa ba ta zo ba. Rabin lakar ta koma inda ta fito, sauran ta bushe, motoci suna niƙe ta, ga hunturu yana tafe zai kwashe ƙurar nan, wadda rabinta kashi ne, ya zuba mana a abinci da idanun yara. Kwalbatin bakin titi a toshe yake da katifu, buhuna da itatuwa, shi ya riƙe ruwan da ke kwanar masallaci. Sauro yana ƙyanƙyashewa ya tashi cikin kwana 7 zuwa 10. Ruwan nan ya fi wata yana kwance. Katafila ta wuni ɗaya da tifa biyu za su gama abin da baro ya kasa. Muna roƙon a ware mana wurin zubarwa nesa da kogi, a binne mushen dabbobi a rami mai zurfi da farar ƙasa, a bar ƙona katifun soso a tsakiyar gidaje.

Akwai kuma gidajen ƙasa da suka tsaya cikin ruwa kwanaki. Gindin bango ya jiƙe ya yi laushi, sama da nauyi, yanzu da suke bushewa ne suke tsagewa. Mutane sun dawo daga sansani sun shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinsu saboda ba su da inda za su. A turo masanin gini ya zagaya da maginanmu, a sa alama a ɗakunan da ba za a kwana ciki ba, a tokare masu gyaruwa.

Ranka ya daɗe, ba mu zo da rashin kunya ba, uba muka zo wa da kuka. Amma a gaya mana, kuɗin karo-karon da aka karɓa, wane aiki aka yi da su? Wa ya ba da umarnin sako wuta ranar Talata, kuma wa ya duba layin kafin nan? Wa zai ɗauki nauyin jinyar yaron nan, da firjin matan da ƙanƙara da zoɓo ne abincin 'ya'yansu? Muna roƙo kada a kawo mana takardar kuɗin wuta na watannin da ba mu ga wuta ba. Muna roƙo ka isar da wannan koke ga shugaban ƙaramar hukuma da fadar Mai Martaba, ka kuma sa mana ranar da masu kula da wuta za su zo gabanka, mu ma mu zo da masu gyaranmu, a tsayar da rana a rubuce.

Kafin nan, wayar tana nan a kwance. Mun kewaye ta da ƙaya da tsofaffin tayoyi, matasa biyu suna gadinta kowane dare. A turo mai tsani ya cire ta, ko yau ne.

Allah ya ƙara wa Mai Girma Hakimi lafiya da imani, ya ja zamanin Mai Martaba Shehu.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
Limaman unguwa, dattawa, ƙungiyar mata, shugabannin matasa, da masu sana'ar wuta, gini da rijiya, a madadin dukkan mazauna unguwa.