Akwatin wufa na falo ba irin na filin biki ba ne

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in ja hankalin samarin Katsina da ke haɗa wufa, wato sifikar da ke ba da amon ƙasa mai kauri, da kansu don kallon fim a gida, da kuma kafintocin da ake kai wa aikin. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya sayo sifika mai inci 12, ya kai wa kafinta, ya ce a yi masa akwati irin na masu kiɗan biki. Wancan an yi shi ne don ya jefa amo nesa a fili, ya daki ƙirji. Shi kuwa fim, rugugin tsawa da fashewar bam da ke cikinsa suna sauka har 25 ko 20 Hz (ma'aunin kaɗawar sauti; ƙaramar lamba, amo mai kauri), inda akwatin biki ya riga ya yi shiru.

Zaɓin gida biyu ne: rufaffen akwati, ko mai bututun iska. Sifikar ce ke faɗin wanda take so, ba idon mai ita ba. A takardar da ke cikin kwalinta akwai Fs, Qes, Qts da Vas, ma'aunan da aka sani da sunan injiniyoyi biyu, Thiele da Small. Ka raba Fs da Qes. In amsar ta gaza 50, rufaffe ya fi dacewa. In ta kai 100, mai bututu. Tsakani kuma, kowanne zai yi.

To amma sifikun da ake samu a shagunanmu da yawa ba su zuwa da wannan takarda, wasu ma an sake musu kwayil, wato naɗin wayar da ke cikin sifika. Irin wannan, a ganina, rufaffe kawai za a yi mata. Yana yafe kuskure: ko lissafi ya kauce da lita biyar ko goma, kunne ba zai kama ba sosai. Iskar da aka kulle a ciki tana riƙe takardar sifikar, wato faifan da ke motsi a gabanta, kada ta wuce gona da iri. Inci 12 yawanci tana zama lafiya a lita 40 zuwa 60. Lissafin lita ba wuya: tsawo sau faɗi sau zurfi na ciki, da santimita, a raba da 1,000. Aibin rufaffe ɗaya, yana cin ƙarfin amfilifaya kafin ya ba da amon ƙasa, abin da mai dogaro da sola ko ƙaramin janareta zai ji a jikinsa.

Mai bututu ya fi ƙara da wuta kaɗan, sai dai ba ya ɗaukar ganganci. Tsawon bututun ne ke saita amon. A akwati mai lita 100, da bututun ruwa na roba mai inci 4, kusan santimita 30 zai ba ka 25 Hz. In kana son 20 Hz sai ya kai wajen santimita 50. Huda rami kawai a katako, kamar yadda ake yi, yana tura saitin sama, sai ka ji murya ɗaya, bum-bum, ko mota ce ta kife ko ƙofa aka rufe. Bututu siriri kuma sai ya riƙa huci kamar wanda ya hau bene da gudu. A goge bakinsa ya yi kwana, a bar tazarar aƙalla faɗinsa tsakanin ƙarshensa da bangon ciki.

Ga inda sifiku ke mutuwa: ƙasa da saitin bututu, akwatin ya daina riƙe takardar, tana lilo a banza har kwayil ya bugi gindi. Dole amfilifaya ta kasance da matatar da ke yanke abin da ya yi ƙasa da saitin. Wanda ba shi da ita, ya haƙura da yin mai bututu.

Katako kuwa, MDF (katakon da ake matsawa daga garin itace) mai kaurin milimita 18 ko filawud mai kyau. Silin-bod da siririn katako rawa suke yi. A sa gam a kowace gaɓa kafin sukuru, a kafa sanda a ciki ta haɗa bango da bango, a bi kusurwoyi da silikon, a bari ya bushe kwana guda kafin a ɗaura sifikar. A rufaffe, a zuba audugar matashin kai sakwa-sakwa, kada a danna. MDF ba ya shiri da ruwa; da damina, ko in ana goge tayil, gindinsa sai ya kumbura, don haka a yi masa fenti da ƙafafun roba. Mai bututu kuma a sa masa raga mai manyan ido, don ɓera da kyankyaso ba sa neman izini.

In an gama, a saita mayanka, wato matatar da ke hana amon sama shiga wufa, a 80 Hz, a gwada akwatin a kusurwar falo da kuma tsakiyar bango, a zauna a kujerar kallo a saurara. A ƙaramin ɗakin bulo, bangon da kansa yana ƙara amon ƙasa, kuma sau da yawa rufaffe mai lita 50 ya isa ya girgiza taga.

Naku,
Mai gyaran kayan sauti, Ƙofar Ƙaura, Katsina.