Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan Jihar Maradi kan likitocin karkara

Mai girma Gwamna, ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa, na zo da kukan ma'aikatan asibitocin ƙauye, waɗanda jama'a ke ce wa likita ko da malamin jinya ne shi kaɗai a wurin.

Tun 2006 gwamnati ta yafe kuɗin magani ga yara ƴan ƙasa da shekara 5, haka awon ciki da fiɗar haihuwa. Talaka ya ji a rediyo, ya riƙe. Ba a gaya masa cewa asibiti ke fara ba da maganin ba, sannan ta jira a mayar mata da kuɗinta, kuma mayarwar ta sha ɗaukar watanni, wani lokaci har shekaru. In magani ya ƙare, dole likita ya rubuta takarda a je a saya. To, uban da ya taso daga wani ƙauyen Dakoro a amalanke aka miƙa masa takarda, me zai ce? Cewa zai yi likita ya sayar. Ranar kasuwa kuwa zancen ya gama gari.

Yara ke biyan wannan zargi. Daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓin sauro ke haɗuwa da tamowa, uwa sai ta fara da mai tallar ƙwayoyi a tire. Ba za a nufi asibiti ba sai yaro ya soma jijjiga, jini ya ƙare. In ya cika a hannun likita, a ce allura ce.

Ban wanke kowa ba. Akwai masu yi wa tsohuwa tsawa don ta makara, waɗannan a ja musu kunne. Amma a tuna da wanda ake buga wa ƙofa tsakar dare a yankin Madarunfa ko Gidan Rumji, bai san ko mai naƙuda ce ko ƴan bindiga ba, ya kuma buɗe.

Ranka ya daɗe, ka matsa a Yamai a riƙa biyan bashin nan a kan lokaci. Kafin nan, ka umarci kwamitin kula da kowace asibiti ya zauna gaban maigari da liman duk wata, ya karanta wa jama'a da Hausa maganin da ya shigo, wanda ya ƙare, da kuɗin da ake bin gwamnati.

Allah ya taimake ka.

Wani ɗan jihar Maradi