Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Kan Gardamar Asalin Halittu

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa da fatan karatu yana tafiya daidai, na karanta abin da ka rubuto game da darasin juyin halitta da yadda ya hana ka sukuni, kuma na ji daɗi da ba ka ɓoye mini ba.

Ka fara sanin cewa ɓangarori uku ne suke wannan jayayya. Akwai masu cewa an halicci kowane jinsi yadda yake a yau, har wasunsu, musamman a Amurka, suka dage cewa shekarun duniya ba su wuce 6,000 ba, alhali awon da ake yi da rikiɗewar sinadarin yuraniyom zuwa dalma a cikin duwatsu ya nuna kimanin shekara biliyan 4.5. Akwai masu bin bayanin juyin halitta da Charles Darwin ya wallafa a 1859, cewa halittu suna haifar 'ya'ya mabambanta, waɗanda suka fi dacewa da muhallinsu su rayu su hayayyafa, har jinsi ya sauya a tsawon zamani. Bai ce biri ya rikiɗe ya zama mutum ba, yana nufin kakanninsu ɗaya ne, don haka kada ka maimaita wannan kuskure a gaban malamanka.

Ɓangare na uku shi ne na fi so ka yi hattara da shi, domin ya fi daɗin ji a kunnen mai imani. Su ne masu cewa wasu gaɓoɓi sun yi sarƙaƙiyar da ba za su samu a hankali ba, sai dai wani mai hikima ya tsara su lokaci guda, kuma babban misalinsu shi ne wutsiyar da ƙwayar bakteriya take juyawa don yin iyo. Amma an gano cewa wasu sassan wutsiyar suna kama da wata 'yar allura da bakteriya suke cusa guba da ita, wato sashe yana iya yin aiki ko babu sauran. A 2005, a shari'ar makarantun Dover ta jihar Pensilbaniya a Amurka, alƙali John Jones ya yanke cewa wannan ra'ayi ba kimiyya ba ne. Damuwata ta wuce hukuncin kotu: wanda ya jingina imaninsa da abin da masana ba su gano ba tukuna, duk ranar da suka gano shi sai imanin ya girgiza, kuma ba na so naka ya zama haka.

Ka karanci hujjojin juyin halitta da zuciya ɗaya. Dubi Tiktaalik: masu bincike sun yi lissafin cewa halittar da ke tsakanin kifi da dabbobin tudu za ta kasance cikin duwatsu masu shekara miliyan 375, suka nufi arewacin Kanada, kuma a 2004 suka tono kifi mai wuya, mai ƙasusuwa irin na wuyan hannu a cikin fiffikensa. Irin wannan ba a ture shi da tsaki.

Haka kuma idan wani ya ce maka kimiyya ta tabbatar babu Mahalicci, ka sani ra'ayinsa ya faɗa, domin babu ɗakin gwajin da ya auna wannan. Francis Collins, wanda ya jagoranci aikin karanta ƙwayoyin gadon ɗan Adam da aka kammala a 2003, ya yarda da juyin halitta kuma ya yi imani da Allah. Ni kaina na gaskata cewa Allah ne Mahalicci, kuma sanin yadda abu yake gudana bai taɓa rage mini girman Mai gudanar da shi ba. Batun Annabi Adamu kuwa yana da nauyi, ka kai shi gaban malamai masu zurfin ilimi da haƙurin sauraro, kada ka yanke shi a musun ɗakin kwana.

A jarrabawa ka rubuta abin da aka koya maka daidai. Mahaifiyarka tana gaishe ka. Allah ya yi maka albarka, ya ƙara basira.

Mahaifinka.