A Tuna da Andy Razaf, Marubucin Baitocin Jaz

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin masu karatu ga wani marubucin waƙoƙin jaz (salon kiɗan baƙar fatan Amurka) da duniya ta rera baitocinsa ba tare da ta riƙe sunansa ba.

An haifi Andy Razaf a birnin Washington na Amurka a 1895. Mahaifinsa ɗan gidan sarautar Madagaska ne, ya kuma rasu a shekarar da Faransa ta mamaye ƙasar, don haka mahaifiyarsa ta haife shi maraya a ƙasar iyayenta. Ya fara neman abinci a Niyu Yok yana tuƙa na'urar hawa bene, yana kuma rubuta waƙoƙi a jaridun baƙar fata na unguwar Harlem.

A 1929 ya haɗa gwiwa da makaɗin fiyano Fats Waller, suka fitar da "Ain't Misbehavin'" da "Black and Blue". Ta biyun ce ta fi taɓa min zuciya, domin a zamanin wariyar launin fata Razaf ya sa kukan baƙar fata a bakin mawaƙa, fararen fata kuwa na zaune suna sauraro. Mawaƙin jaz Louis Armstrong ya rera ta a Accra a 1956 a gaban Kwame Nkrumah.

Jikin Razaf ya shanye tun farkon shekarun 1950, ya rasu a 1973. Ina roƙon shafinku na adabi ya riƙa ambaton marubucin baiti tare da mawaƙin da ya rera shi.

Wassalam,
Mai karatu daga Kano