Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ƙanena Mai Rubutu a Kan Bosawan Gem

Assalamu alaikum ƙanena,

A zaman marubuta da aka yi nan Jos ka miƙe gaban jama'a ka jefo mini tambaya, aka kira la'asar kafin in buɗe baki, na ce zan amsa a rubuce. Ga alkawari na cika. Saboda waɗanda ba su halarta ba: ka ce kana rubuta fanfikshin, irin labarin da mai son wani gem ke ɗorawa a kan duniyar gem ɗin da mutanen cikinta, naka kuwa a kan Pokémon ne, gem ɗin da ake kama wasu halittu masu wannan suna ana horar da su su yi faɗa, kuma abokanka na gidan gem sun yi ta yi maka dariya. Wai wane mai hankali ne zai shiga Team Aqua, ƙungiyar da burinta ruwa ya cinye ƙasar da shi ma yake kwana a kai? Sai ka tambaye ni ko ƙungiyoyin bosawan gem, wato na miyagun da mai bugawa ke karawa da su, suna da tsarin da hankali zai ɗauka har a gina labari a kansu, ko kuwa marubuci ya watsar da su ya ƙirƙiri nasa.

Abokanka ba su yi ƙarya ba. Da yawa daga cikin ƙungiyoyin nan, in ka kwaso su yadda suke ka zuba a takarda, ba za su tsaya da ƙafarsu ba. Duk da haka ban ba ka shawarar ka watsar ba.

An gina su ne domin wanda ke riƙe da abin bugawa. Shi ya sa yaran ƙungiya ke tsayawa a lungu kamar an dasa su, suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa da ɗan ƙaramin Pokémon ɗinsa irin Zubat ko Rattata, yaro ƙarami da mai bugawa ke sarrafawa ya lallasa su, su kuma miƙa masa kuɗi. A maɓoyar Team Rocket, ƙungiyar miyagu ta gem ɗin Pokémon na farko, har akwai wanda in ka ci shi zai yar da makullin lif ka ɗauka. Mai buga gem ba ruwansa, hankalinsa na kan mataki na gaba. Mai karatu hannunsa sake yake, kansa kuma yana aiki. Zai tambaye ka wa ya ɗinka musu kaki, wa ke biyansu ƙarshen wata, ina 'yan sanda suka shige.

Wasu ƙungiyoyin suna da amsar waɗannan tambayoyi tun daga gida, kuma Team Rocket ce gaba, tun gem na farko da ya fito a Japan a 1996. Neman kuɗi suke yi, ba wani abu ba. Suna da gidan caca a Celadon, maɓoyarsu na ƙarƙashinsa. Sun mamaye kamfanin Silph a Saffron saboda Master Ball, ƙwallon da ba ya kuskuren kamu. Ogansu Giovanni kuma shi ne shugaban gidan karawa na Viridian, wato mutum mai muƙami da mutunci a idon hukuma, wanda ba a yi wa tambayar banza. A gem ɗin Pokémon Gold da Silver na 1999, bayan shekara 3 da rushewarsu, ragowar yaran suna yanke jelar wani Pokémon mai suna Slowpoke suna sayarwa, daga baya suka ƙwace gidan rediyon Goldenrod suna shela ko oga zai ji ya dawo. Bai dawo ba. Wannan wuri kaɗai ya isa littafi guda: mutanen da ba su iya wata sana'a ba, suna kiran ubangidan da ya riga ya yi gaba.

Shinra ta Final Fantasy VII, na 1997, ta fi ma zama daram. Kamfanin wutar lantarki ne da ke zuƙo Mako, ran duniyar kanta, yana sayar wa mutane a matsayin wuta. Ya tara kuɗi har ya yi sojojinsa, ya zama shi ne gwamnatin birnin Midgar, masu hali a saman ƙaton farantin da aka ɗaga sama aka gina birnin a kai, talakawa a ƙasa ba sa ganin rana. Ba wanda ya shiga Shinra don ya hallaka duniya; aiki ya nema ya samu. Kai ɗan Jos ba sai an yi maka dogon bayani ba. Ka bi ta Rayfield ko Bukuru ko Barikin Ladi ka dubi kududdufan da haƙar kuza ta bari. Akawun da ya rubuta albashi da leburan da ya taso daga Kano ko Barno da diga a kafaɗa, babu wanda ya kwana da niyyar ɓata ƙasa, amma ramukan suna nan. In ka iya rubuta akawun nan ka iya rubuta ma'aikacin Shinra.

Umbrella ta Resident Evil kuwa ba zan ɓata maka lokaci a kanta ba. Kamfanin magani da ke ƙera ƙwayar cuta a asirce don sayarwa a matsayin makami, hankali zai ɗauka. Wanda kullum ƙwayar ke kuɓuce masa, har birnin Raccoon ya tafi a 1998, ba zai daɗe a kasuwa ba, kuma masu gem ɗin da kansu sun yarda: a farkon Resident Evil 4 an faɗa cewa gwamnatin Amurka ta dakatar da harkokinsa, hannun jarinsa ya faɗi, ya mutu.

To mu zo kan naka. A Ruby da Sapphire na 2002, Maxie na Team Magma yana son ya tayar da Groudon, ƙaton Pokémon mai iko da ƙasa, ƙasa ta ƙaru, Archie na Team Aqua yana son ya tayar da Kyogre, takwaransa mai iko da ruwa, teku ya ƙaru. Abin ya tashi, rana ta ƙwalle ko ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya, sai ga oga yana zare ido yana cewa ba haka ya nufa ba. Idan daga bakin oga za ka ba da labarin, abokanka sun ci ka, domin babu dabarar da za ta mai da wannan shiri na masu hankali. Kuskuren da na fi gani wurin matasan marubuta shi ne su zauna su yi ta yi wa shirin oga kwaskwarima, su ƙara masa dogon jawabi na falsafa, su ba shi ƙuruciya mai ban tausayi. Sai labarin ya yi nauyi, wautar kuma tana nan inda take.

Ka sauko ƙasa. Banza ba ta kai zomo kasuwa, kuma ba wanda ke ɗaura ɗankwalin Aqua don yana son ganin gidan uwarsa a cikin ruwa. An zana yankin Hoenn, inda labarin Ruby da Sapphire ya faru, a kan tsibirin Kyushu na Japan, kuma a Kyushu ɗin akwai gaɓar Isahaya, inda aka datse teku a 1997 don a samu ƙasar noma, masunta da manoma suka shafe shekaru suna shari'a a kan a buɗe ƙofofin ko a bar su a rufe. Ga dalilin da za ka jingina da shi. Ɗan masunci da ya ga an cike inda ubansa ke jefa koma, kifi ya yi ƙaranci, ba wanda ya saurare shi, sai ga wasu masu jirgi da kaki da abinci sau uku suna cewa za su ƙwato wa teku haƙƙinsa. Zai bi su. Ba a gaya masa zancen Kyogre ba, kuma ba dole ne a gaya masa ba.

Wannan ba ƙari ba ne daga wurina, gem ɗin da kansu haka suke tafiya. Cyrus na Team Galactic, a Diamond da Pearl na 2006, so yake ya shafe duniya ya yi sabuwa wadda babu ruhi a cikinta, yaransa kuwa yawancinsu ba su san inda aka dosa ba, ana dai yi musu zancen makamashi da sabon zamani. Team Plasma ta 2010 ta fito da wa'azin 'yantar da Pokémon daga hannun mutane, N, saurayin da suka naɗa sarkinsu, ya yarda da abin har zuciya, shi kuwa Ghetsis, ogan na gaskiya, so yake kowa ya saki nasa ya rage shi kaɗai ke da ƙarfi. Da asiri ya tonu ƙungiyar ta rabu biyu, kamar yadda aka gani a ci gaban da ya fito a 2012: masu tuba suna kula da Pokémon ɗin da aka raba da masu su, da masu cewa a ci gaba da gashi. A ganina babu wadda ta kai Plasma amfani ga marubuci, don ita ce ta nuna cewa abin da ke bakin ƙungiya daban, abin da ke cikin oga daban, abin da ya kawo yaro kuma daban.

Team Skull ta Sun da Moon, 2016, ita ma ka duba ta. Samari ne da 'yan mata da suka kasa cin jarrabawar tsibiri, gari ya ɗauke su ba su da amfani, suka tare a Po Town suna fenti a bango, Guzma ya zame musu babban yaya. Ba su da wani shiri a kan duniya ko kaɗan. Masu shirin suna Aether Foundation cikin fararen kaya, su ke amfani da su ta bayan fage. Ana yi musu kallon abin dariya, amma ni su na fi gaskatawa.

Sai dai in ja kunnenka a abu ɗaya. Masu karanta fanfikshin sun san gem ɗin kamar yunwar cikinsu, kuma don shi suka zo. Kana da damar cike gurbin da aka bari, ba ka da damar rushe abin da aka gina. Kada ka ce Archie bai taɓa neman Kyogre ba, ko ka mai da Aqua ƙungiyar agaji. A gem ɗin Aqua ta sace jirgin ƙarƙashin ruwa a garin Slateport, ka bar shi a sace. Aikinka shi ne ka nuna mana wanda ya tsaya gadi a daren, abin da aka ce masa za a yi da jirgin, da nawa aka yi masa alkawari. Shi kuma yaron da ke ratsa maɓoya shi kaɗai yana zubar da manya, ko dai ka sa manya da hukuma a bayansa, ko ka bar 'yan ƙungiyar su riƙa jin labarinsa daga nesa suna musu ko gaskiya ne.

A sabon zubin gem ɗin na 2014, Alpha Sapphire, Shelly, ɗaya daga manyan na hannun daman Archie, ta gano inda abin zai kai ta yi ƙoƙarin tsayar da shi, bai ji ba. Da ni ne kai, daga nan zan kama babi na biyu: ɗan masuncinka yana tsaye a bakin ƙofa yana jin manyansa biyu suna sa-in-sa, karo na farko da ya ji sunan abin da ke kwance a ƙarƙashin teku. In ka rubuta shi ka kawo zama na gaba, ka zo da abokan naka su ma su ji.

Wassalam,
Yayanka a rubutu, daga Jos.